Abokaina na so in durƙusar da motata, maiɗakina kuma na kukan ciwon baya

Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota 86 ƙirar 2013, ta yi tafiyar kilomita 118,000. Tun ina saurayi nake burin mallakar irinta. Da ita nake zuwa aiki kullum, sau biyu ko uku a shekara kuma nakan shiga filin tsere da ita tare da abokaina. Kusan shekara guda ke nan ina tara kuɗi don in gyara mata ƙafa. Abokan nawa duk sun sa koiloba, wato shokazoba mai zare da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta, sun durƙusar da motocinsu har taya ta kusa ɓuya, idan muka jera sai tawa ta zama kamar raƙumi a cikin tumaki. Kullum zolayata suke yi. Kuɗin da na tara zai kai ga koiloba mai araha, irin mai matakan saita tauri 32. Bakanikena ya ce shokazoba kawai zan canza in huta. Maiɗakina kuwa tana fama da ciwon baya, ta ce ko yanzu motar jijjiga ta take yi, ranar da na ƙara mata tauri ta daina shiga ke nan. Har mun yi 'yar cacar baki a kan haka. Kwanan nan kuma motar ta fara lilo idan na haye tudun rage gudu, a kwana kuma gabanta sai ya riƙa ƙin shiga. Na rasa ta wa zan ɗauka. Ka taimake ni da shawara.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Na ji damuwarka, kuma ban ɗauke ta ƙarama ba. Mutumin da ya yi shekara yana matse aljihu saboda abin da yake ƙauna, ya cancanci a zauna a saurare shi da kyau. Ka kawo mini maganar abokanka, da ta bakanikenka, da ta maiɗakinka. Amma akwai mai magana ta huɗu da ka bari sai ƙarshen wasiƙa, wato motar kanta, kuma da ita zan fara, domin ita ce ta faɗi abin da zai warware mana rabin rigimar.

Lilon nan da take yi bayan ka haye tudu alama ce ta shokazobar da ta gaji. A ƙafar mota aiki rabe yake. Sifirin shi ke ɗaukar nauyin mota, ya matse idan taya ta hau wani abu, sannan ya mayar da ƙarfin da ya karɓa. Idan aka bar shi shi kaɗai, haka zai yi ta sama da ƙasa. Shokazoba ce ke kashe wannan lilon: akwai mai a cikinta, duk motsin ƙafa sai ya tura man ta wasu ƙananan ƙofofi, ƙarfin motsin ya koma zafi ya watse. Idan man ya tsiyaye ko ƙofofin suka saki, sifirin ya samu sake. Masana'antun shokazoba da dama suna ba da shawarar a fara sa ido a kanta daga wajen kilomita 80,000, kai kuma ka wuce nan da nisa, ga zirga-zirgar filin tsere a kai.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ina so ka riƙe shi: matacciyar shokazoba ba lilo kaɗai take jawowa ba, har da duka. Idan babu abin da ke rage saurin matsewar sifirin, ƙafa sai ta tafi gaba ɗaya ta bugi robar ƙarshe da aka sa don ta tare ta, bugun nan kuma ya bi ta kujera ya shiga ƙashin bayan wanda ke zaune. Ke nan akwai yiwuwar jijjigar da maiɗakinka ke kuka da ita da lilon da kai kake kuka da shi duk ciwo ɗaya ne. Kuna ta musu kamar kuna gaɓa biyu, alhali wataƙila magani ɗaya kuke nema.

Saboda haka kafin ka kashe ko sisi a kan sabon kaya, a ɗaga motar sama ka shiga ƙarƙashinta da tocila tare da bakanikenka. Dubi jikin kowace shokazoba. Idan ka ga layin mai ya gangaro, ƙura ta manne a kansa ta yi baƙi kamar kwalta, ta mutu. Shafa tafin hannunka a kan taya ka zagaye: idan ka ji tudu da kwari kamar an yi ta yagar ta wuri-wuri, taya ce da ta daɗe tana tsalle a kan titi. A sa ƙarfe a ɗan banƙara hannuwan ƙafa a ga ko robobin bushin sun tsattsage, a girgiza tayarod da bol-join, a duba mazaunin shok (wato shokazoba) na sama da ƙananan sandunan da ke riƙe stabilaiza, sandar nan da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu don rage karkatar mota a kwana. Duk wanda ya ɗora kaya masu tsada a kan ruɓaɓɓun robobi ya yi gini a kan yashi. Kuma ka lura, mai matacciyar shokazoba ko me aka sa masa sabo zai ji kamar an canza masa mota, shi ya sa yabon da wasu ke yi wa koiloba mai araha ba hujja ba ne. Da gawa suka gwada ta.

Yanzu ga maganar abokanka, cewa sai mota ta durƙusa ta yi tauri take riƙe hanya. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Idan nauyin mota ya matso ƙasa, nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana yana raguwa. Sai dai injiniyoyin da suka ƙera motarka sun riga sun ci wannan ribar. Sun sa mata injin Subaru mai silinda huɗu a kwance, suka dasa shi ƙasa sosai, har cibiyar nauyinta ta tsaya a wajen milimita 460 daga ƙasa, abin da motoci kaɗan ne a ajinta suka kai. Tazarar cikinta da titi kuwa kusan milimita 130 ce kawai. Cire 50 daga ciki, kamar yadda masu ɓoye taya ke yi, ka ga abin da ya rage maka na haye tudu da shiga gangare.

Asarar ma ba ta tsaya a gugar ciki ba. Gaban motarka tsarin MacPherson ne, wato shok da sifirin a jiki ɗaya a tsaye, da hannu guda a ƙasa yana riƙe da taya. An tsara hannun nan ya zauna kusan a kwance. Idan aka sauke mota fiye da kima, ƙarshensa na wajen taya sai ya koma sama, lissafin ya juye: mota ta ƙara son karkata a kwana, taya ta daina kwanciya sosai a kan titi daidai lokacin da aka fi buƙatarta, sitiyari kuma ya fara fizgar kansa idan taya ta faɗa rami. Sannan tazarar da shok ke motsi a ciki ta ragu, sai a ƙara wa sifirin tauri don kada ya yi ta bugun ƙarshe, taurin kuma ya hana taya bin tudu da kwarin hanya. Duk abin da ke haɗa motarka da ƙasa wurare huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba. Tayar da ta yi tsalle ta bar ƙasa ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Motocin tsere na gaske da kake ganin suna da tauri, a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta suke gudu, da yawansu kuma fukafukai ne ke danna su ƙasa da ƙarfin iska. Kai kuwa kwana uku kake yi a fili, sauran kwanakin shekara duk a kan titin kowa da kowa.

Ƙin shiga kwana da gabanta ke yi ma, ba lallai koiloba ce maganinsa ba. Wannan mota ta fito daga masana'anta da taya Michelin Primacy HP mai lamba 215/45R17, irin wadda aka sa wa wasu motocin Toyota Prius masu tsimin mai. Da gangan aka zaɓi taya marar riƙo sosai, don direba ya ji daɗin zamewar baya ba tare da ya yi mugun gudu ba. Ma'ana, babu wani canji guda da zai sauya halin motar nan kamar taya mai kyau. Duba gefen tayarka, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Tayar da ta tsufa takan bushe ta yi tauri ko da zanenta bai cinye ba, ta rage riƙo ta kuma ƙara jijjiga. Sai kamba, wato yadda saman taya ke karkata ciki. Tayoyin gaban motarka kusan a tsaye cak suke, kuma masana'anta ba ta bar wurin saita su ba. Idan ka duba bayan ranar fili, ina kyautata zaton za ka ga gefen waje na tayar gaba ya fi cinyewa. Akwai wasu kusoshi na musamman da ake sawa a gindin shok na gaba, su ba ka karkata ciki ta digiri 1 zuwa 1.5. Ƙaramin abu ne, amma gaban mota yakan fara cizon kwana nan take.

To me za ka saya? Da ni ne a matsayinka, shokazoba mai inganci zan sa a ƙafa huɗu, in bar sifirin na asali da tsayin mota yadda suke, in haɗa da taya mai kyau, da kusoshin kamba, da saitin ƙafa na tsanaki, wato alaimen. Bilstein B6 ta Jamus an yi ta ne don tsayin asali, tana riƙe jikin mota sosai, sai dai tana da ɗan tsauri a kan ƙananan gargada. Koni Sport ta ƙasar Holan tana da abin murɗawa da ke saita saurin dawowar sifirin, kana iya sassauta ta don yau da kullum ka ɗaure ta ranar fili, kuma saboda maiɗakinka na fi karkata gare ta. Akwai kuma shokazobar Sachs da aka sa wa wasu daga cikin waɗannan motoci daga 2017, ga wanda ke son ya tsaya kusa da abin da masana'anta ta tsara.

Idan kuwa zuciyarka ta ƙi haƙura da tazarar da ke tsakanin taya da jiki, ba zan ce maka son kyan gani laifi ba ne. Akwai sifirin da ke sauke mota milimita 20 zuwa 25, irin Eibach Pro-Kit, kuma wannan gwargwadon bai kai ga rikita lissafin ƙafa ba. Sharaɗi ɗaya ne: a haɗa shi da shokazobar da aka yi don gajeren sifirin, kamar Bilstein B8. Kada ka kuskura ka ɗora shi a kan tsohuwar da ke jikin motar yanzu, zai ƙarasa ta cikin 'yan watanni, ka biya kuɗin aiki sau biyu. Ka sani kuma zai ƙara ɗan tauri, don haka wannan mataki ba naka ba ne kai kaɗai.

Koiloba ita ce shok mai zare a jiki kamar kusa, da zobe da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Ta kirki abu ce mai kyau ƙwarai. KW ta Jamus tana da V1 wadda tsayi kawai ake saitawa, da V2 mai saitin dawowa, da V3 wadda ake saita matsewa daban dawowa daban. Öhlins ta Suwidin tana da Road & Track, wadda ta yi suna wajen haɗiye bugun rami duk da riƙon da take yi. Amma ka ce kuɗinka ga mai araha zai kai, kuma nan ne nake jin tsoro. Darajar shok tana cikin ƙofofin man da ba ka gani, ba a yawan matakan da aka rubuta a kwali ba. Masu arahar sukan rufe raunin ƙofofinsu da sifirin mai tsananin tauri, ta dama da ta hagu ba lallai su yi aiki iri ɗaya ba ko da ka sa su a lamba ɗaya, zaren yakan yi tsatsa ya ƙi murɗuwa, idan ta fara yoyo kuma sau da yawa babu mai buɗe ta ya sabunta. Araha ba ta ado, ɗan'uwa. Shokazoba mai kyau marar saiti ta fi koiloba marar kyau mai saiti 32. Idan nan gaba zuwanka fili ya zama na kowane wata, ka ci gaba da tari ka sayi ta ƙwarai sau ɗaya.

Sandar stabilaiza ka bar ta tukuna. Mai kauri a gaba tana ƙara ƙin shiga kwanan da kake kuka da shi, mai kauri a baya kuma tana sa baya saurin watsowa, a motar da tayoyin baya ke turawa wannan ba abin wasa ba ne ranar da aka yi ruwa. Haka ma bushin mai tauri da mazaunin shok na zallan ƙarfe: duk ƙara da karkarwar titi cikin mota za su shigo da su.

Bakanikenka ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa ba. Ka riƙe shi, mutumin da ya hana ka kashe kuɗi alhali da ya ci riba da ka kashe, ba a sake da shi. Ka dai tabbatar da abu biyu a wajen ɗaurawa. Kusoshin da ke ratsa robobin bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye, sai nauyinta na kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Sannan bayan aiki a yi alaimen a kan na'ura, ka karɓi takardar lambobin ka adana. Idan an sa sabon sifirin, a sake dubawa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, domin yakan ɗan zauna. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka duk canjin da ya taɓa tsayin mota, kada ranar tsautsayi su samu hanyar zillewa. A wasu ƙasashe ma doka ce, a Jamus alal misali irin wannan canji sai da takardar amincewa.

Bari mu dawo gida, inda maganar ta fi nauyi. Maiɗakinka ba gaba take yi da motarka ba. Mai ciwon baya shi ya san abin da rami ɗaya ke yi masa, kuma lokacin da ta ce za ta daina shiga, ba barazana na ji a ciki ba, tsoro na ji. Ka duba ta wajenta: shekara guda ana tsuke bakin aljihu a gida, ƙarshe kuma a sayo abin da zai fitar da ita daga kujerar da ke gefenka, don a burge mutanen da ba su ne za su kwana da ciwon ba. Ko wace ce za ta ji zafi. Ka same ta a lokacin da hankalinku ke kwance, ka ba ta haƙuri a kan cacar bakin, ka gaya mata abin da muka gano, cewa wataƙila lalacewar shok ce ke dukan ta. Ka ce mata kana so ta zama alƙali. Ku zaɓi hanya guda da kuka sani, mai tudu da 'yan ramuka da kwana, ku bi ta tare kafin aiki, ku sake bin ta bayan aiki. Abin da ta faɗa ka ɗauke shi da muhimmanci kamar yadda za ka ɗauki lambar agogon fili. Ka riƙe rim ɗinka mai inci 17, domin mai 18 yana zuwa da taya mai siririn gefe, gefen taya kuwa shi ne matashin farko tsakanin titi da bayanta. Iskar taya ma a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofa, idan ka ƙara don fili ka tuna ka rage kafin ka ɗauke ta. Ciwon bayan kansa kuma ku kai shi gaban likita, kada a ɗora wa mota duka.

Zan gaya maka wata gaskiya da wataƙila ba za ta yi maka daɗi ba. Ko an yi duk wannan, Toyota 86 ba za ta zama mai laushi kamar babbar motar iyali ba, gajeriya ce, kujerunta a ƙasa suke, ba don haka aka ƙera ta ba. Idan bayan gyara har yanzu tana shan wuya, to sai ku zauna ku yi magana a kan yadda za ta riƙa yin doguwar tafiya a wata motar, ko ku jinkirta wani kashe kuɗin don wannan. Gara ku yanke tare tun yanzu, da ta riƙa shiga tana cije baki don kada ranka ya ɓaci.

Abokanka kuma ba mugaye ba ne, zolaya tsakanin masu son abu ɗaya ba sabon abu ba ce, kuma na san raɗaɗin zama saniyar ware a cikin jeri. Amma kowa ya daka rawar wani, zai rasa turmin daka tasa. Ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ka a motarsa, kai a kujerar fasinja, ku bi hanyar nan da kuka zaɓa da maiɗakinka. Ka saurari yadda haƙoranka ke haɗuwa, ka ga yadda yake karkace mota yana rarrafe a kan kowane tudu. Sannan ka tambaye shi tsakani da Allah ko lokacinsa a fili ya ragu bayan ya durƙusar da ita, da daƙiƙa nawa. Kuɗin da ya rage maka bayan shok da taya, ka sa shi a man birki mai jure zafi, da fatun birki masu kyau, da yini guda tare da mai koyar da tuƙin fili a gefenka. A irin matakin da yawancinmu muke, daƙiƙun da ke ɓoye a hannun direba sun fi waɗanda ke ɓoye a ƙafar mota yawa.

Abu ɗaya na ƙarshe game da tsarin aiki: kada ka canza komai da komai rana ɗaya. Fara da abin da ya lalace da shokazoba da alaimen, ka tuƙa mako biyu. Sai taya da kamba. Ta haka za ka san wane canji ne ya yi me, kuma idan wani abu bai yi ba ka san inda za ka koma. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun mota, ka riƙa rubuta kwanan wata, da iskar taya, da lambobin saiti, da abin da ka ji, da abin da ita ta ji.

Idan kun ɗaga motar, ka sake rubuto mini abin da kuka gani a jikin shok ɗin da lambar shekarar tayoyin, daga nan sai mu tsayar da wadda za ka saya. Ka gaishe mini da maiɗakinka, Allah Ya ba ta lafiya.